Wa Zai Yanka Akuyar Goggo?

Na Allah muke dukkanmu, kuma wurinSa Bappa ya riga mu komawa, wata Talata da hantsi, a gidansa na Mugulbu, kusa da Mubi, saura mako uku Kirsimeti. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare, bayan rasuwar babana. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don abin da na ji ana faɗa a wurin zaman makokinsa ya tsaya mini a rai, har yau bai wuce ba.

Rumfa biyu aka kafa. Ta ƙofar gida tabarmi ne da butoci, ta Musulmi ke nan. Ta bayan gida, gindin mangwaro, kujerun roba ne da aka ɗebo daga coci, ta Kiristoci. Danginmu haka yake tun tashina, rabi nan rabi can, kaka ɗaya, gona ɗaya, yare ɗaya. Ba wanda ya ba da umarnin a raba zama, amma duk wanda ya zo ƙafarsa ta san inda za ta nufa. Ni da nake ɗan gida ina kai-komo tsakanin biyun ina karɓar gaisuwa, don haka ni kaɗai na ji abin da kowane ɓangare yake cewa.

A gaba, wani dattijo da ya sha lalle a gemu ya gyara zama ya ce, "Mutumin kirki ne, ba a raba shi da sahun gaba. Sai dai Allah Ya yafe masa wancan abin." Aka amsa da amin mai ƙarfi, har da shafa fuska. Ba wanda ya tambayi wane abu, kowa ya sani.

Na zaga baya, na tarar da wata mata mai ɗankwalin ƙungiyar zumuntar matan coci tana share hawaye tana cewa, "Kai, Baba mai kirki. Da ma ya karɓi Ubangiji kafin ya tafi." Na kusa da ita suka girgiza kai, irin girgizawar da ake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa da maki ɗaya.

Wato a gaba an jera shi a layin masu jiran afuwa, a baya kuma an riga an ja ƙofa an kulle. Mutumin da ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba! Kuma yawancin masu wannan alƙalanci, da na tabarma da na kujera, sun ci naman da hannunsa ya yanka, sun suɗe yatsu, wasu har da ƙunsa saura a leda su kai gida. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na ji raininsu ya cika mini ciki, ban kuma ɓoye wa fuskata ba.

Kafin a fitar da shi ma sai da aka yi wata rigimar. An gama wanka an sa likkafani, aka ce mata su shigo su yi bankwana. Goggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, Kirista ce tun tana budurwa. Ta taho tana dogara sanda, sai Yaya, babban ɗan Bappa, ya tare ƙofar ɗaki da kafaɗunsa. Yaya ya yi karatun addini a wajen jiha, ya dawo da wando iya ƙwauri da fuskar da ba ta san dariya ba.

Ya ce, "Goggo, ki yi haƙuri ki tsaya daga nan. An riga an tsarkake shi."

Ta ɗaga kai ta dube shi. "Ni datti ne?"

"Ba haka nake nufi ba. Hukunci ne."

"A bayan mutumin nan na girma. Shi ya goya ni ya kai gona, ya goya ni ya dawo. Matsa."

Bai matsa ba sai da ya ga sandar ta nufo ƙwaurinsa. Ta shiga ta durƙusa, ta dafa ƙafafun gawar, ta yi masa 'yan kalmomi da yarenmu, ta fito ba ta kalli kowa ba. Daga baya na ji Yaya yana tambayar wani abokinsa cikin raɗa ko akwai buƙatar a sake wanka.

Ranar uku Yaya ya tashi ya sanar cewa babu sadakar uku, babu ta bakwai, babu ta arba'in, duk bidi'a ne, kowa ya kama gabansa. Aka shiga naɗe tabarmi, mutanen coci suka shiga kwashe kujerunsu. Ina tsaye a bakin zaure sai na ji an kama hannun rigata. Goggo ce.

Ta ce, "Ɗana, akuya yana nan a ɗaure. Shi da kansa ya zaɓa mini a kasuwa watan jiya. Wa zai yanka mana bana?"

Na ce, "Ni zan zo, Goggo."

"Da safe fa, kafin sabis na coci."

"Da sassafe ma kuwa."

Da ƙarfi na faɗa, don na kusa su ji.

Wannan shi ne "wancan abin". A wajenmu sanannen abu ne, gidan Kirista in suna son 'yan'uwansu da maƙwabtansu Musulmi su ci naman biki, sai su kira Musulmi ya yi musu yanka. Bappa ne yake yi wa Goggo, tun kafin a haife ni, shekara ta kai hamsin bai taɓa fashi ba. Ranar Kirsimeti da ya idar da sallar asuba zai naɗe wuƙarsa a tsumma, ya hau kekensa. A tsakar gidan Goggo akwai wani dutse da marigayi mijinta ya kafa don nuna alƙibla, Kirista da dutsen alƙibla a gidansa, saboda surukinsa. Bappa zai tarar an haƙa ɗan ramin jini, an ajiye ruwa a ƙwarya. Sai ya ba akuya ruwa ta sha, ya koma bayan rumbu ya wasa wuƙa inda ba za ta gani ba, sannan ya kwantar da ita ya yi bisimilla. Wuya nasa ne, ladan mai yanka, kuma ba ya yafewa ko an manta.

Kafin azahar kwanuka sun fara fita daga gidan Goggo zuwa gidajen Musulmi, kowa ya ci hankali kwance don ya san hannun da ya yanka. Mu kuma dangi mu taru a gidan, tukunya ɗaya, tire ɗaya. In Babbar Salla ta zo, cinyar ragon Bappa ta Goggo ce, kuma ita take zuwa ta yi suya don babu mai hannunta a wajen. Rana biyu ke nan a shekara da za ka ga danginmu gaba ɗaya suna tauna abu ɗaya. Sauran kwanakin kowa yana can yana jin wa'azin yadda ɗan'uwansa zai ƙone.

Kada a ɗauka waliyyi nake bayarwa labari. Bappa masifaffe ne, kuma hannunsa a dunƙule yake. Sabulu ɗaya sai ya yanka shi huɗu da zare. In ka bar fartanya a rana zai yi maka faɗa tun daga gona har gida, ya huta, ya ci abinci, ya ɗora daga inda ya tsaya. Yana shaƙar taba, ya yi atishawa sau bakwai a jere, ya ce sanyi ne. Karatunsa bai wuce 'yan gajerun surori ba, su ma in yana ja wasu haruffan sai dai Allah Ya karɓa. Ya taɓa yin shekara guda ba ya gaisawa da maƙwabcinsa a kan iyakar gona da faɗinta bai kai tabarma ba. Amma duk kaka, in an auna dawa, zai fitar da zakka tun a masussuka, ya aika gidajen gwauraye da marayu, bai taɓa tambayar inda mai gidan yake ibada ba.

Rigimarsa da Yaya a kan yankan nan a gabana aka yi, shekarar da Yaya ya dawo daga karatu. Safiyar Kirsimeti ce, na je Mugulbu don mu tafi tare. Bappa ya ɗaga tabarma inda yake ajiye wuƙa, wayam. Ya duba bayan randa, ya duba saman katanga, ya fara zagin kaji da awaki. Sai ga Yaya ya fito daga ɗaki da littafi a hammata.

Ya ce, "Baba, ni na ɗauke. Taya kafirai bikinsu haramun ne, malamai sun yi bayani."

Bappa ya tsaya cak. Ya ce, "Wane ne kafiri?"

"Baba, ka san abin da nake nufi."

"Ban sani ba. Kira sunansa."

Yaya ya yi ƙasa da murya ya ce, "Su Goggo."

Bappa ya zauna a kan turmi, ya fito da tabarsa ya shaƙa, ya yi atishawarsa har ya gama. Sannan ya ce, "Da aka haife ka, uwarka ya kwanta ciwo wata huɗu, nono ya ƙafe. Kana kuka kamar ɗan akuya, ka rame saura ƙashi. Goggonka yana goyo lokacin. Shi ya ɗauke ka, wannan nono naka, wancan na 'yarsa. Duk naman da ke jikinka daga can ya fara. To je ka bayan gida ka amayar da shi tas, in ka gama ka dawo mu yi maganar littafi."

Yaya ya juya. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar ya ajiye a ƙasa, ko miƙa wa ubansa a hannu bai yi ba. Tun daga ranar bai ƙara taka gidan Goggo ba, kuma in an kawo kwanon Kirsimeti gidansa sai ya sa matarsa ta mayar a rufe yadda ya zo.

A hanya ranar, muna tura keke a wurin yashi, na ce wa Bappa ya yi wa Yaya daidai. Na zaci zai ji daɗi, sai ya ce in rufe masa baki. Can gaba ya ce, "Ni ma na yi irin nasa, har na fi shi." Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kakanmu addinin gargajiya yake bi har ya mutu. Bappa ya musulunta yana saurayi, lokacin da ya bi masu fataucin shanu. Da ya dawo gida bayan shekara biyu, tsohon ya yi murna, ya kama zakaran da ya fi kowanne girma ya yanka masa da hannunsa. Aka dafa aka kawo. Bappa ya ce shi ba ya cin mushe. Tsohon ya zauna gaban kwanon har miya ta daskare, sannan ya tashi ya zuba wa kare. Damina ba ta zagayo ba ya rasu.

Bappa ya ce, "Da na ce masa, Baba, kawo wani in yanka da kaina mu ci tare, ai shi ke nan. Kaji sun cika gida. Amma ina, lokacin ni ne na fi kowa sanin Allah."

A ɓangaren su Goggo ma akwai nasu gwanin. Surukinta ne, mijin babbar 'yarta, dattijo a cocinsu, mai sanƙo da babban littafi mai zif. Shi kuma tasa fatawar ita ce naman da aka yanka da bisimilla hadaya ce ga wani abin bauta, bai kamata ya shiga bakin mai bin Yesu ba. Duk shekara sai ya zo ya ce, "Mama, wannan abu ba daidai ba ne, muna ba da mummunan misali." Goggo takan ce masa in bai ci ba akwai gyaɗa a buhu. Yakan ci kuwa, har ya nemi ƙari, yana cewa ya tsarkake nasa da addu'a. Shi da Yaya ba sa ga-maciji, ko a hanya suka haɗu kowa ƙasa yake kallo, amma a kan akuyar nan bakinsu ɗaya.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka watse, a nan na ga ƙarshen jaruman biyu. Surukin Goggo ya cika motarsa da iyalinsa da talabijin ya yi Yola tun kafin a fara jin harbi sosai, babu wurin tsohuwa. Yaya ya faɗa motar farko da ta tsaya masa, ya ce zai aiko a ɗauki iyayensa. Ni na je Mugulbu a ƙafa, na tarar Bappa ya riga ya tura matarsa tare da maƙwabta, shi kuma ya ja keke ya nufi gidan Goggo, don gwiwarta ba ta tafiya mai nisa. Ya fito da hijabin matarsa daga aljihu ya ce ta saka. Ta ce ba za ta saka ba. Ya ce to shi ma zai zauna a kashe su tare, ya zauna daɓas a ƙasa. Ta saka tana zaginsa da yare.

Muka ɗora ta a keke, ni da shi muna turawa bi da bi, muka nufi Maiha da niyyar mu kai Belel, inda yake da abokin cinikin gyaɗa. Rana tsaka muka kai wani mayo, wato rafi, muka tarar da su a tsallake, samari da bindigogi, suna tsayar da mutane suna tambayar suna, wasu a ce su yi karatu. Ɗaya ya nuna Goggo da bakin bindiga.

"Tsohuwar nan fa?"

Bappa ya ce, "Ƙanwata ne, ciki ɗaya. Kurma ne, ba ya ji ba ya magana."

Goggo, wadda duk Mugulbu an san ba a kai ta surutu, ta ƙura wa ƙasa ido, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Saurayin ya daka mata tsawa a kunne, ba ta motsa ba. Ya ce mu wuce. Akwai waɗanda ba su wuce wurin nan ba, na san biyu daga cikinsu, ɗaya mun yi aji ɗaya da shi.

Sai da muka yi nisa, mayo ya ɓace a bayanmu, sannan ta yaye hijabin daga baki ta ce, "Ni ne kurma?"

Bappa ya ce, "Yau ɗaya dai na huta."

Muka yi dariya, mu uku, har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Da aka dawo gari, me kuke tsammani? Surukin ya ce Mama ta yi musun Ubangijinta da ta sa hijabi ta yi shiru, ya kamata ta tsaya gaban jama'a ta nemi gafara. Yaya kuma ya ce Baba ya yi ƙarya, kuma hijabi ba rigar wasa ba ne da za a ɗora wa wanda bai yi imani ba. Mutum biyu da suka bar tsofaffi a baya suka tsere, su ne suka dawo da ma'auni a hannu. Ban taɓa jin ƙyamar 'yan'uwana kamar lokacin ba.

A kwanakin ne na yi wa Bappa tambayar da ta daɗe tana cina. Muna zaune a inuwa muna ɓarar gyaɗar iri. Cocin su Goggo ya zama toka, kuma waɗanda suka ƙona shi ba su bar Musulmin da suka ƙi bin su ba. Kowa ka taɓa yana da gawa a zuciya.

Na ce, "Bappa, ni fa na fara ganin addinin nan ɓarnarsa ta fi amfaninsa a duniya."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wanne? Nawa ko na yayanka?"

"Ai ɗaya ne."

"A littafi ɗaya ne." Ya watsa ɓawo gefe. "Ni kafin na fara salla burkutu nake sha har in faɗi a hanya, yara suna tsallake ni. Salla ne ya ɗaga ni. Goggonka, haihuwan fari, da ba don matan cocinsu sun ɗauke shi a kai sun kai asibitin mishan ba, da tuni an manta da shi. Wanda ya tare mu a mayo kuma, ka ga goshinsa? Shi ma salla yake yi. To ka auna, kai ne mai boko."

Na ce ban iya aunawa ba.

Ya ce, "To ɓare gyaɗa."

Har yau ban iya ba. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa mukan yi wannan musu, in kawo yaƙe-yaƙe, wani ya kawo asibitoci da gidajen marayu, a tashi ba a gama ba. Ina sallata, ina azumina, ban fasa ba. Abin da na sani kawai shi ne, duk inda na ga addini ya yi amfani a rayuwata, a hannun wanda bai cika magana a kansa ba na gan shi. Inda kuma na ga ya raba uwa da ɗan da ta shayar, a bakin masu littafi a hammata ne. Da wannan nake taƙama, ina ganin ni ɗan Bappa ne na gaskiya, su Yaya kuwa sunan kawai suka gada. Shi ya sa na amsa wa Goggo da ƙarfi haka.

Ni da Yaya unguwa ɗaya muke a cikin garin Mubi, kuma shi ne na'ibin masallacinmu. Saura kwana biyu Kirsimeti, an idar da la'asar ana neman takalma, sai ya miƙo mini hannu yana murmushi, abin da ba ya yi.

Ya ce, "Malam, ashe kai ka gaji aikin coci? Allah Ya sanya albarka."

Aka yi dariya. Cikin masu dariyar har da mai makarantar da nake koyarwa. Shi ke nan abin da ya faru. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ce zai kore ni daga aiki, ba wanda ya nuna mini bindiga. Na yi dariya ni ma, na sa takalmi na tafi gida.

Ranar Kirsimeti na tashi da wuri. Wuƙa tana cikin jaka, na wasa ta tun jiya. Na fito da babur, sai na ga mutanen unguwa a jere a kan benci suna shan hantsi. Wani ya ce, "Malam, ina zuwa da sassafe haka?" Na ji bakina ya ce, "Mai zan sha." Na zaga gidan mai na dawo, na ce bari su watse tukuna. Na sha shayi. Na leƙa, suna nan. Waya ta yi ƙara, lambar 'yar Goggo, na zuba mata ido har ta katse. Ta sake yi, na kife ta. Na ce wa kaina ai akuya ba gudu za ta yi ba. Matata ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da wanke-wankenta. Sai bayan azahar, da layi ya yi shiru, na tura babur har kwanar layin kafin in tayar da shi.

Tun daga bakin hanya na jiyo ƙamshin suya. A ƙofar gida fatar akuya tana shimfiɗe an zuba mata toka. Surukin Goggo ya tarye ni da hannu biyu, bakinsa yana ƙyalli da mai.

"Malam! Barka da Kirsimeti! Ai mun gama. Tun farko na ce wa Mama kada ta wahalar da kai. Ni na yanka, cikin sunan Yesu, sharp sharp."

Ya ci nasara, Yaya ma ya ci, ba tare da sun taɓa zama wuri ɗaya sun shirya ba. Ni na haɗa musu.

Matar surukin, 'yar Goggo, ita ta ja ni gefe ta faɗa mini sauran. Tun gari bai gama wayewa ba Goggo ta sa aka haƙa rami, ta cika ƙwarya da ruwa, ta ɗauko kujera ta zauna kusa da akuya. Aka buga ƙararrawar coci, ta ce su tafi, ɗanta yana hanya. Tunda ta zama Kirista ba ta taɓa rasa sabis na Kirsimeti ba sai bana. Aka je aka dawo, tana nan zaune. Surukin ya zo da wuƙa sau biyu tana kora shi da sanda. Sai da jikoki suka fara kukan yunwa sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule. Kwano ko ɗaya bai fita zuwa gidan Musulmi ba.

Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Daga cikin gida ina jin waƙa da dariya da ƙarar cokula. Can sai ga Goggo, sanda a hannu ɗaya, kwano a ɗayan. Na tashi na karɓa, na fara zuba bayani, babur ne ya ƙi tashi, filogi ne, makanike kuma duk sun rufe. Ta gyaɗa kai kawai, ta ce, "Sannu da hanya."

Na buɗe kwanon. Shinkafa ce da miyar busasshen kifi.

Ta ce, "Ci, ɗana. Tukunya na aro a gidan maƙwabci, Musulmi ne, ludayi ma nasu ne. Bai taɓa naman ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Goggo, don Allah ki sa mini naman. Zan ci. Wallahi zan ci."

Ta ce, "A'a. Shekara hamsin ban sa ɗan'uwana ya ci abin da zuciyarsa bai kwanta da shi ba. Ba zan fara a kan ɗansa ba don ya mutu."

Ta jingine sanda, ta zauna a bakin tabarma da ƙyar, ta jawo buta ta wanke hannu.

"Matso da kwanon tsakiya. Ni ma ban ci nasu ba."

Muka ci, ni da ita. Allah Ya haskaka kabarinka, Bappa, Ya yalwata maka shi, Ya sa ka huta. Ina kuma roƙon kada Ya nuna maka abin da na yi bana.